Kalmomin Sara na Maharban Barewa a Amurka: Inda Suka Faɗi Gaskiya da Inda Suka Yi Lulluɓi

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa duk mutanen da sana'a ɗaya ta haɗa sai sun ƙago wa kansu wasu kalmomi waɗanda bare ba zai gane ba sai an yi masa fassara. Mahauta suna da nasu, 'yan mota suna da nasu, haka nan mafarauta. A ƙasar Amurka, inda miliyoyin mutane ke fita farautar barewa kowace kaka, wasu da bindiga wasu da baka, irin waɗannan kalmomi sun yawaita, har mujallun farauta irin su Field & Stream da Outdoor Life kan jera su da ma'anoninsu domin sababbin shiga. Galibi don raha ake yin irin wannan jeri: a kawo kalma, a kawo ma'ana, a yi dariya, a wuce.

Aibin wannan hanya shi ne ta yi wa kalmomin kuɗin goro, alhali kuwa ba darajarsu ɗaya ba. Idan aka tankaɗe su da kyau za a ga sun kasu gida huɗu: na ba'a ga kai, na habaici tsakanin ƙungiyoyi, na awon ƙaho, da kuma na sakaya kisa. Abin da wannan sharhi zai nuna shi ne, harshen maharban ya fi ƙarfi da gaskiya a inda maharbi yake yi wa kansa dariya, ya kuma fi rauni a inda ya juya ga dabbar da ya fita nema.

2.0 Dabbar da Asalin Kalmomin

Tun da fari ya kamata a san cewa dabbar da ake magana a kanta ba barewar dajin ƙasar Hausa ba ce. An ara mata sunan ne don shi ya fi kusa. Ita wannan, wadda ake yi wa laƙabi da mai farar wutsiya, namijinta ne mai ƙaho, watau kishimi. Ƙahon nasa rassa yake yi kamar itace, sa'an nan yakan faɗi wajen ƙarshen hunturu wani sabo ya tsiro. Saboda haka kowace shekara da irin nata ƙahon, kuma shi ne ido ke fara kaiwa gare shi. Wannan halitta ita ta haifi kaso mai yawa na kalmomin da za a duba.

Turawan Ingila sun daɗe da kalmomin farauta. Littafin Saint Albans, wanda aka buga a 1486, ya jera sunayen da ake kiran kishimi da su shekara-shekara, har ya kai ta shida ya cancanci sunan "hart". Amma fa waɗannan kalmomin fada ne, domin a wancan zamani farautar barewa haƙƙin sarki ne da 'ya'yan sarauta, wanda duk ya kuskure suna a bainar jama'a ya nuna shi ba ɗan gida ba ne. A Amurka al'amarin ya juya. Can doka ta ɗauki namun daji dukiyar jama'a ce, hukuma ke riƙe da amanarta, kowa ya yanki lasisi yana iya harbi. Da farauta ta sauko daga fada zuwa hannun manomi da ma'aikacin masana'anta, sai harshenta ya sauko tare da ita, ya bar tsarin fadanci ya koma na hira a bakin wuta.

3.0 Kalmomin Ba'a ga Kai

A nan ne armashin harshen yake. Misali na farko shi ne "buck fever", watau zazzaɓin kishimi, wanda tun ƙarni na 19 ake jin sa. Shi ne kyarmar da kan kama mutum a daidai lokacin da dabbar da ya kwana yana dako ta bayyana a gabansa: zuciya ta riƙa dukan ƙirji, hannu ya ƙi tsayuwa, har a yi harbi a kuskure abin da ke nan kusa. Hikimar wannan suna ita ce an kira abin ciwo. Da an kira shi tsoro, da ya zama abin gori. Da yake ciwo ne, kowa yana iya kamuwa, tsohon hannu da ɗan koyo, kuma wanda ya kamu yana iya ba da labari da bakinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Na biyu shi ne "ground shrinkage", ma'ana ƙasa ta ƙanƙantar da ƙaho. Maharbi ya hango kishimi daga kan itace ya ga ƙato, ya yi harbi, ya sauko ya je kansa ya tarar da ɗan matashi. An ɗora wa ƙasa laifi, alhali mai faɗa da mai saurare duk sun san ido ne ya yi ƙarya, son rai kuma ya taya shi. Kalmomi biyu kacal, amma sun ƙunshi duk abin da ake nufi da hangen Dala ba shiga birni ba.

Na uku shi ne "tag soup". Tare da lasisi akan ba maharbi wata 'yar takarda wadda zai ɗaura wa dabbar da ya kashe. Wanda lokacin farauta ya ƙare bai sami kome ba, sai a ce miyar takarda zai sha, tun da ita kaɗai ta rage masa ya sa a tukunya. Haka kuma idan iska ta kai wa barewa warin mutum ta yi huci ta ɗaga farar wutsiyarta ta zura, maharbi kan ce an yi masa "busted", watau kalmar da ake faɗa idan 'yan sanda sun kama mai laifi dumu-dumu. Abin lura a nan shi ne yadda matsayi ya juya: mutum ya zama ɓarawo mai sanɗa, dabba ta zama mai gida. Wannan girmamawa ce ga dabbar, ko da yake cikin rigar wasa ta zo. Daɗin daɗawa, a wasu sansanonin farauta na kudancin ƙasar akwai al'adar yanke wa wanda ya kuskure harbi gindin riga a rataye don kowa ya gani.

Mai karatu da ya saba da kirarin maharba da 'yan tauri, inda mutum ke wasa kansa yana lissafa bajintarsa, zai ga a nan akasin haka aka yi: da faɗin kasawa ake samun shiga cikin jama'a.

4.0 Habaicin Masu Baka

Farauta da baka a Amurka ta yau tana da tarihinta daban. A 1911 wani mutum mai suna Ishi, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe a ƙabilar Yahi, ya fito daga duwatsun Kalifoniya. Likitan da ya riƙa duba shi, Saxton Pope, ya koyi sassaƙar baka da sanɗar dabba daga gare shi, ya kuma wallafa littafi a kan haka a 1923. Jihar Wisconsin ita ta fara ware wa masu baka lokacinsu na musamman a 1934. Sa'an nan a 1969 aka ba Holless Wilbur Allen shaidar mallakar wani sabon baka mai 'yan tayoyi a bakunansa biyu, waɗanda ke rage wa hannu nauyin tsirkiya idan an ja ta har ƙarshe.

Wannan tarihi ya bar sawunsa a harshe. Masu bakan gargajiya suna kiran nasu "stick and string", sanda da igiya, ƙasƙantarwar da a ƙarƙashinta alfahari ne. Tayoyin sabon baka kuwa suna ce musu "training wheels", sunan 'yan ƙafafun da ake ƙara wa keken yaro kafin ya iya tuƙi. Su duka kuma idan sun haɗu sai su juya kan 'yan bindiga, waɗanda doka a jihohi da yawa ta tilasta wa sa riga mai launin lemo don kada a harbe su bisa kuskure, su kira su kabewa. Duk wannan habaici magana ɗaya yake yi: wanda ya fi shan wahala kafin ya kusanci dabba shi ne maharbi na ƙwarai.

Akwai kalma ɗaya a wannan rukuni da ta cancanci a tsaya a kanta, watau "jumping the string", tsallake tsirkiya. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, kibiyar sabon baka kuwa wajen mita 90. Ke nan barewa kan ji ƙarar tsirkiya kafin kibiya ta iso. Sai dai hotunan da aka ɗauka aka rage musu gudu sun nuna cewa ba tsalle take fara yi ba, duƙawa take yi don ta ɗauki ƙarfin gudu, kibiya ta bi ta saman gadon bayanta. Kalmar ta faɗi abin da ido ya zata, ba abin da ya auku ba, wanda kuwa ya gaskata ta zai saita kibiyarsa inda bai kamata ba.

5.0 Kalmomin Awo

A 1887 Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett, wadda a 1950 ta tsayar da tsarin awon ƙaho da ake bi. Ana auna tsawon rassa da kauri da faɗin tsakani, a tara, a cire bambancin da ke tsakanin dama da hagu, bayan ƙahon ya yi kwana 60 yana bushewa. Kishimi mai daidaitaccen ƙaho sai ya kai inci 170 yake shiga babban kundinta. Ƙungiyar masu baka, Pope and Young, wadda aka kafa a 1961, nata mizanin inci 125 ne. Daga nan aka sami "booner", kishimin da ya isa shiga kundi, da "shooter", wanda ya isa a harba.

Asalin wannan awo ba abin zargi ba ne. Waɗanda suka fara shi suna tsoron ƙarewar manyan namun daji ne, suna so a adana shaidarsu. Amma da kalmomin suka bar kundi suka shiga baki, musamman daga shekarun 1990 da finafinan farauta suka yawaita, sai dabba ta koma lamba. Akan ji mutum ya ce ya ga wani 150, ba tare da ya ambaci suna ba. Da kyamarorin da ake ɗaura wa itatuwa suka zo, sai aka sami "hit list", jerin kishiman da aka yi niyya a kansu, kalmar da aka aro daga harshen 'yan kisan haya. Tamata kuwa, da yake ba ta da abin aunawa, sunayenta na reni ne, irin su "slick head" da "baldy", duk ma'anarsu mai ƙwalƙwal ko mai sanƙo. An sa mata suna da abin da ba ta da shi, alhali ita ce uwar garke, kuma yawan matan da aka harba shi ke tsayar da yawan garken baɗi.

6.0 Kalmomin Lulluɓi

Mafi nauyin kalmomin duka ita ce "harvest", watau girbi, wadda ake sawa a madadin kashewa. Tushenta na ilmi ne. Aldo Leopold, a littafinsa na 1933 a kan kula da namun daji, ya ɗauke su tamkar amfanin gona wanda ƙasa ke bayarwa kowace shekara, a ɗebi wani a bar iri. Lalle wannan tunani ya yi amfani. An ƙiyasta cewa wajen 1900 bareyi masu farar wutsiya ba su wuce rabin miliyan ba, amma bayan dokokin kariya da harajin makamai na 1937 suka farfaɗo har suka kai kimanin miliyan 30. A bakin ma'aikacin gandun daji mai lissafin dubbai, girbi kalma ce daidai. A bakin mutum ɗaya da ke tsaye a kan dabba ɗaya da jini a hannunsa, lulluɓi ce, domin dawa ba ta gudu idan ta ga lauje.

A ɗaya ɓangaren akwai kalmomin gatse irin su "dirt nap", barcin turɓaya. Da gani sai a ce kishiyar girbi ce, ɗaya ta ofis ɗaya ta bariki, amma aikinsu ɗaya: duka biyun kauce wa kalmar kisa suke yi. Abin da ya fi damuwa kuma shi ne inda harshen ya yi shiru. Kibiya da zubar jini take kashewa, kowane maharbi kuwa ya san akwai ranar da sawun jini zai ɓace masa a cikin duhu, dabba ta tafi da rauni. Harshen da ya iya yi wa kyarmar hannu suna, ya yi wa tukunya marar nama suna, da wuya a ga ya yi wa wannan dare suna a cikin jerin mujallu.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin mafarauta ba su kai kashi 10 cikin 100 na mutanen Amurka ba, sauran jama'a kuwa, masu jefa ƙuri'a a kan dokokin farauta, ta bakin mafarautan suke jin labarinta. Binciken ra'ayin jama'a ya sha nuna cewa sun yarda da farauta don nama fiye da yadda suka yarda da ita don ƙaho.

7.0 Kammalawa

A taƙaice dai, an ga cewa kalmomin nan ba su cancanci hukunci ɗaya ba. Waɗanda maharbi ya ƙaga don kansa sun cika sharuɗɗan adon harshe mai kyau: gajeru ne, suna da hoto, kuma gaskiya suka faɗa. Na habaici sun adana tarihin kayan aiki. Na awo da na lulluɓi kuwa daga kundi da ofis da kasuwa suka shigo, suka mai da dabba inci ko buhu. Saboda haka mai nazarin kalmomin sara, a kowane harshe yake aiki, bai kamata ya tsaya ga tara kalma da ma'anarta ba. Wajibi ne ya tambayi wa ya ƙago ta, wa ake yi wa dariya da ita, da kuma wane abu ne masu ita suka sani sarai amma suka ƙi sa masa suna.