Naman Gashi a Kilomita Biyar

A Bangui, idan kwaɗayin nama ya motsa, Kilomita Biyar ake nufa, unguwar da Hausawa da Fulani da 'yan Chadi suka daɗe suna riƙe da kasuwarta. Abin da ake zuwa ci ana kiransa shuwiya, gasasshen naman rago ko akuya ko sa. Bakano zai ce balangu ne, kuma bai yi kuskure ba. Mai nama na tsaye gaban rabin ganga da waya a kai, ya yanko ɗanɗano ya miƙo maka a bakin wuƙa, in ka gyaɗa kai ya daddatsa a takarda, ya barbaɗa yaji, ya watsa albasa. Kuɗinka ne ke yanke yawansa.

Inda ya bambanta da na gida shi ne abin haɗawa. Nan ƙasar rogo ce. Ana cin naman da gozo, tuwon garin rogo, ko da mangbele, rogon da aka jiƙa aka kirɓa aka naɗe a ganye aka dafa, mai ɗan tsami da danƙo. Wuƙa da yaji na arewa ne, rogo na mutanen bakin kogin Ubangi, ciniki kuma da harshen Sango ake yinsa. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan haɗin.

A Amurka kuwa akwai girkin da wani ya zauna ya tsara. Girkin Kajun abincin talakawan karkarar Luwiziyana ne, jikokin masu jin Faransanci da Ingila ta kora daga gabashin Kanada tun daga 1755. Mai girki Paul Prudhomme ya buɗe gidan abincin Kajun mai suna K-Paul's a New Orleans a 1979, ya riƙa babbaka kifi da kayan yaji a kaskon ƙarfe mai tsananin zafi, mutane suka yi ta layi a ƙofa. Girkin ya sami suna da tsada, amma da yawa daga cikin masu shi sun ce ba haka iyayensu ke dafawa ba. A ganina mai naman Kilomita Biyar ya fi sa'a ta nan, domin masu saye a hannunsa sun san naman, ba zai iya ruɗarsu da ado ba.

Rauninsa a wani wurin yake. Sana'ar ta dogara ga dabbobin makiyaya da kuma buɗaɗɗiyar hanya. Da rikici ya ɓarke a Disambar 2013, mayaƙan sa-kai da ake kira anti-balaka suka yi wa unguwar ƙawanya, makiyaya da yawa suka tsere Kamaru da Chadi da garkunansu, nama ya yi tsada a duk birnin, Kiristocin da suka saba shigowa ci suka ɗauke ƙafa. Ko ranar da Fafaroma Francis ya ziyarci babban masallacin unguwar, 30 ga Nuwamban 2015, sai da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi masa rakiya.