Tsokaci a Kan Waƙar "Seven Nation Army" ta Ƙungiyar The White Stripes

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga gidajen kallon ƙwallo na Gwagwalada ko Kubwa ko Nyanya a nan Abuja, ya san wani amo da 'yan kallo a filayen Turai kan rera da murya ɗaya. Amon ba shi da kalmomi, kuma ba kowa ya san mafarinsa ba. Manufarmu ita ce mu mayar da shi ga masu shi, mu ɗora waƙar bisa ma'aunin waƙar baka, domin muna ganin akwai darasi a cikinta ga mawaƙanmu.

Salsalar Waƙar

Kiɗan gareji ya samo sunansa daga samarin Amurka na shekarun 1960, waɗanda kan koyi kiɗa a garejin motocin iyayensu da 'yan kayan da suka samu. Wajen shekarar 2000 wasu ƙungiyoyi suka farfaɗo da shi, cikinsu har da The White Stripes, wadda aka kafa a birnin Detroit a 1997, ta watse a 2011. Mutum biyu ne kacal a cikinta: Jack White mai jita da waƙa, da Meg White mai ganguna. Waƙar da muke nazari ita ce ta buɗe kundinsu mai suna Elephant, wanda suka ɗauka a Landan da tsofaffin na'urori, ya fito a 2003.

Jigo

Sunan waƙar yana nufin rundunar ƙasashe bakwai. Jigonta kuwa shi ne tsegumi da jajircewar wanda ake yi da shi. Cikin ɗiya uku mawaƙin ya nuna mana mutumin da bakin jama'a ya hana barci, ya yi ta kurarin ba mai tare shi, daga bisani ya yi niyyar ƙaura zuwa karkara ya huta da surutu. Wannan jigo ba baƙo ba ne a wurinmu, domin Ɗanmaraya Jos ya warware shi a waƙarsa ta "Gulma Wuya".

Salo

Ƙarfin waƙar yana ga kiɗanta. An gina ta a kan sautuka bakwai da ake ta maimaitawa, kuma su ne suka tsaya a matsayin gindin waƙa, tun da babu 'yan amshi. Mai sauraro zai ɗauka wata jita ce mai kaurin murya, alhali jitar Jack ɗin ce aka saukar da muryarta da wata 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa. Gangar Meg tana tafiya ɗai-ɗai kamar sakin taɓarya a turmi, ba ado ba gaggawa. Idan ɗa ya ƙare sai kiɗan ya ɓarke, sa'an nan ya lafa, wani ɗan ya shigo. Wanda ya saurari yadda Ɗanmaraya, wanda ya rasu a 2015, ke cika fage da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, zai gane wannan hikima ta taƙaita kayan aiki domin gwaninta ta fito fili.

Sai dai waƙar tana da rauni ta fuskar sarrafa harshe. Wasu hotunanta a dunƙule suke, ba su da kaifin habaici irin na makaɗanmu, shi ya sa kiɗan ya danne maganar. Magoya bayan kulob ɗin Brugge na Beljiyam ne suka soma rera amon a Milan a 2003, 'yan Italiya suka ɗauka har suka ci kofin duniya da shi a bakinsu a 2006. Hausawa kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma wannan ta kuɓuce wa mai ita. Abin mamaki, koken mutum ɗaya da taro ya dama ya koma kirarin taro.

Kammalawa

A ɗakunan ɗaukar waƙa na Abuja da Kano da Kaduna, fiyano da kwamfuta sun maye gurbin kalangu da kukuma a waƙoƙi da dama, ga kuma na'urar gyaran murya tana rufa wa kowa asiri. Ba mu ƙi zamani ba. Abin da muke jiye wa mawaƙanmu shi ne kada tarin sauti ya sa su manta da ƙirƙirar gindin da yaro zai riƙe daga ji ɗaya. Mutum biyu a Detroit sun nemo wannan sirri a tsofaffin faya-fayan ƙasarsu, mu kuwa namu yana rataye a zaure. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.