Shin Alƙalami Yana Yin Duba?

Madécali gari ne a bakin Kogin Kwara, gabas da Malanville, a ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin inda ƙasar ta haɗa iyaka da Nijar da Najeriya. Manomin shinkafa a nan ba sai an gaya masa cewa kogi kan cika sau biyu ba. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda damina ke korowa da laka daga rafuka irin su Sirba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ba ya isowa sai cikin hunturu. A 2010 ambaliya ta shafi mutum kusan 680,000 a Benin, ta taɓa gundumomi 55 cikin 77, har da Malanville da Karimama. Da a ce wani matashin Madécali ya rubuta labari a 2009 inda kogi ya cinye gonaki ya rushe gidajen ƙasa, babu dattijon da zai ce yaron ya yi duba. Cewa za a yi ya san garinsu.

Amma da zarar littafin ya fito daga nesa, sai hukunci ya sauya, a fara maganar ilhami da sanin gaibu.

Shahararren misali shi ne Futility, wanda Ba'amurke Morgan Robertson ya wallafa a 1898. A ciki akwai wani katafaren jirgin ruwa mai suna Titan, tsawonsa ƙafa 800, ana cika baki cewa ba ya nutsewa. Cikin watan Afrilu ya yi karo da dutsen ƙanƙara a arewacin Tekun Atlantika, ga mutum kusan 3,000 a ciki, jiragen ceto kuwa 24 kacal. Bayan shekara 14, ranar 15 ga Afrilu 1912, Titanic mai tsawon ƙafa 882 da jiragen ceto 20 ya nutse a wannan teku ta wannan hanya, mutum sama da 1,500 suka halaka. Duk wanda ya jera waɗannan lambobi sai tsikar jikinsa ta tashi.

Sai dai Robertson ɗan matuƙin jirgi ne, shi ma ya yi kusan shekara goma yana aikin jirgi kafin ya kama alƙalami. Ya san Afrilu ne lokacin da ƙanƙara ke gangarowa hanyar jirage. Ya san tun 1879 jirgin Arizona ya taɓa karo da ita. Dokar Ingila ta 1894 kuma ta tsaya kan jiragen ceto 16 ga duk jirgin da ya haura tan 10,000, alhali kamfanoni na ta rige-rigen ƙera wanda ya ninka haka sau da yawa. Mai jera kamanni ba ya faɗin cewa mutum 13 ne suka tsira daga Titan, a Titanic kuwa kusan 700, ko cewa da aka sake buga littafin a 1912 an ƙara wa Titan nauyi. Kafin Robertson ma, ɗan jarida W. T. Stead ya rubuta gajeren labari a 1886 kan jirgin da ya nutse babu isassun jiragen ceto, ya kuma ja kunne a ƙarshensa cewa haka za ta faru in ba a gyara ba. Ba a gyara ba, shi kansa Stead ɗin a cikin Titanic ya rasu.

Mutanen bakin Kwara sun fi kowa gane wannan. Ranar 26 ga Mayu 2021, wani jirgin katako ɗauke da fiye da mutum 150 ya tarwatse kusa da Wara a Jihar Kebbi, ƙasa da Madécali a kan kogi ɗaya, 'yan kaɗan suka fita da rai. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da aka toshe gadar Malanville da Gaya, fasinja da kaya suka koma tsallakawa ta kwale-kwale. Marubucin da ya tsaya a mashigin ruwa ya ga yadda ake loda buhuna da babura da mata masu goyo, babu rigar ruwa ko ɗaya, ya koma gida ya rubuta nutsewar jirgi, ko ba daɗe ko ba jima labarinsa zai yi daidai da wani hatsari. A nan ne kiran abin da sunan duba yake cutarwa. In an ce marubuci ya hango ƙaddara, an wanke wanda ya yi lodin da wanda ya karɓi kuɗi ya kau da kai.

Labarin Chinua Achebe ya fi kusa da gida, ya kuma fi ɗaci. Littafinsa A Man of the People ya fito a Janairun 1966, ya ƙare da sojoji sun ƙwace mulki a wata ƙasar Afirka da bai ambaci sunanta ba. Ranar 15 ga watan, a juyin mulkin soja a Najeriya, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wasu sojoji suka zargi Achebe da sanin makircin tun farko, har daga baya ya bar Legas don tsira da ransa. Amma a duba maƙwabta. An kashe Sylvanus Olympio na Togo a Janairun 1963. A Oktoban shekarar, a Dahomey, wato Benin ta yau, ƙasar da Madécali take ciki, Christophe Soglo ya kifar da Hubert Maga, ya kuma sake karɓe mulki a Disamban 1965. Mobutu ya yi nasa a Kwango a Nuwamban 1965. Mai sauraron rediyo kawai ya isa ya san inda rikicin zaɓen Yammacin Najeriya ya dosa.

Akwai kuma wanda masu yaɗawa ne suka gyara shi. A 2020 hoton wani shafi na littafin Dean Koontz, The Eyes of Darkness na 1981, ya zaga wayoyin duniya saboda ƙwayar cuta mai suna Wuhan-400. A bugun farko sunanta Gorki-400, daga sunan wani garin Tarayyar Sobiyet, sai a 1989 aka mayar da ita Sin. Cutar littafin kuma tana kashe duk wanda ta kama cikin sa'o'i, ba ta yi kama da korona ba ko kaɗan.

Wannan ba ya nufin babu arashi tsantsa. A 1838 Edgar Allan Poe ya rubuta labarin matuƙan da yunwa ta sa suka ci naman abokinsu Richard Parker. A 1884 jirgin Mignonette ya nutse, waɗanda suka tsira suka yanka yaron jirgi suka ci, sunansa Richard Parker. Sanin teku ba zai bayyana wannan suna ba. Gamon katar ne, irin wanda dole ya auku jefi-jefi inda ake buga dubban littattafai kowace shekara, kuma babu mai lissafa waɗanda suka faɗi bala'in da bai taɓa zuwa ba. Musulmin Madécali ko na Kano dama ya riƙe cewa gaibu sai Allah, don haka bai da dalilin ɗora wa ɗan'adam abin da ba nasa ba.

Adabin Hausa yana da nasa. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya fito a 1982 bayan gasar rubutu ta gwamnatin tarayya, tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona harkar fasa-ƙwauri da duk garin kan iyaka ya sani. Gagare ya kawo Mailoma, wanda ya tara 'yan ta'adda da makamai da miyagun ƙwayoyi yana kisa ba tausayi. Mai karanta shi yau, a zamanin 'yan bindigar dazukan Zamfara da Katsina, gabansa zai faɗi. Amma Gagare ya taso ne a ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, inda rundunar soja ta kumbura daga kusan 10,000 zuwa kusan 250,000, bindigogi suka bazu a hannun jama'a, fashi da makami ya yi ƙamari har gwamnati ta koma harbe 'yan fashi a bainar jama'a a bakin tekun Legas. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko wannan ta'asa daga birni ya kai ta ƙauyen Arewa da dajinsa, inda hukuma ba ta da ido. Shekara kusan talatin ke tsakanin fitowar littafin da lokacin da satar shanu a Zamfara ta rikiɗe ta zama kisan ƙauyuka.