Jinjina ga Masu Bin Diddigin Zance

A Filinge da ƙasar Kurfai, sunan Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu, yana da nauyi. Ya mulki Nijar daga 1974 har rasuwarsa a 1987, kuma yau wayoyi cike suke da kalaman da ake jingina masa. Jinjina ga 'yan jarida da malaman tarihi da ba sa yarda da "an ce ya ce". Sukan buɗe tsofaffin shafukan jaridar Le Sahel, su saurari faifan gidan rediyon Muryar Sahel, su tambayi dattawan da suka ji da kunnensu: yaushe, a ina, da wane harshe? Mamaci ba ya iya ƙaryata abin da aka ƙaga masa, su ke tsaya masa. Allah ya saka musu da alheri.