Titin Kasuwar Kafanchan: Rabin Tarihin da Muke Bayarwa da Rabin da Muke Haɗiyewa

Duk wanda ya girma a nan Godogodo ya san in aka ce "zan shiga gari", to Kafanchan ake nufi, kuma ba ko'ina ba sai wannan layin na shaguna da ya taso daga wajen tashar jirgi, ya bi ta tsohuwar kasuwa, ya haɗe da titin Kagoro. Can ake sayo kwanon rufi da kayan ɗakin amarya, can ake kai babur in ya gagari makanikan gida. Titin yana da tarihi, kuma muna yawan bayar da shi a majalisa da wurin ɗaurin aure. Yadda muke bayar da shi ɗin ne nake so mu duba, don akwai gyara.

Tarihin iri biyu ne ke yawo. Na farko na 'yan jarida ne da ke zuwa daga nesa. Su a wurinsu Kafanchan shekaru huɗu ce kawai: 1987, da rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi a watan Maris ya bazu har Zariya da Funtuwa da Katsina, 1999, da aka yi tashin hankali kan naɗin sabon Sarkin Jama'a, 2011, da aka ƙone kasuwa bayan zaɓen watan Afrilu, sai 2016, da wutar ta iso mana har gida a watan Oktoba. Babu ƙarya a ciki, duk an yi. Amma wanda ya karanta wannan kaɗai zai ɗauka tsakanin wata gobara da wata ba a yin komai sai wasa wuƙa. Ina sauran shekarun da aka buɗe shago da safe aka rufe da magariba lafiya?

Wannan laifin baƙi ne, kuma baƙo ana yi masa uzuri. Na biyun shi ne namu, shi ya fi damuna. Dattawanmu, Allah Ya ƙara musu lafiya, sukan ce: "Ai nan duk daji ne, mu muka zo muka kafa kasuwa, muka koya wa mutane ciniki da sutura, ana zaune lafiya, sai daga baya aka zuga su." Yara na ji, suna haddacewa. Labari ne mai daɗin ji, sai dai bai jure tambaya.

Mu fara da "daji ne". Sunan garin kansa ya ƙaryata mu, domin Kafanchan daga sunan Fantswam ya fito, mutanen da ke noma ƙasar tun kafin a shimfiɗa ƙarfen dogo. Masarautar Jama'a tsohuwa ce, babu musu: wajen 1810 Malam Usman ya kafa ta a Jama'ar Dororo, ƙarƙashin Zazzau. Amma fada ba ta dawo Kafanchan ba sai 1933, bayan jirgi ya riga ya tara jama'a. Ashe sarauta ce ta bi kasuwa. Kuma waɗancan shekarun na farko da muke tsallakewa, maƙwabtanmu ba su tsallake su: suna tuna hare-hare da kamen bayi da haraji. Mai shago da ke so a yi ciniki da shi ya kamata ya san abin da kakan mai sayen ya gaya masa.

Sai "mu muka kafa". Abin da ya kafa titin nan albashi ne. Turawa sun ja layin dogo daga Fatakwal, ya bi ta Inugu mai kwal da Makurɗi, ya iso Kafanchan ya wuce Kaduna. A 1927 aka buɗe reshen da ya hau Jos don ɗauko kuza, a 1932 aka gama gadar Binuwai a Makurɗi. Mahaɗar jiragen nan ta tara direbobi da 'yan wuta da makanikai da akawuna da leburori, kuma da yawa cikin masu aikin ofis da na injin Ibo ne da Yarbawa da sauran mutanen kudu. Har yau akwai unguwar da ake ce wa Bayan Loko, sunan da ya samo asali daga wurin gyaran kan jirgi. Marubucin nan Onuora Nzekwu, wanda shi da Michael Crowder suka rubuta Eze Goes to School da iyayenmu suka karanta a firamare, a Kafanchan aka haife shi a 1928. Mu kanmu a Godogodo, in za a faɗi gaskiya, kuza ce ta jawo kakannin da yawa daga cikinmu, suka sauka a bariki da diga da kwano, daga baya suka zama mahauta da teloli da masu tireda.

To ka ga kowa da abin da ya kawo. Ma'aikacin reluwe ya kawo kuɗin ƙarshen wata. Bahaushe ya kawo nama da goro da gishiri da ɗinki da dillanci. Bafulatana ta kawo nono da man shanu. Ibo ya kawo kayan ƙarfe da magani da kayan gyaran mota, Bayarabiya ta kawo atamfa da kwanuka. Matan Fantswam da Kagoro da Bajju da Kaninkon suka kawo doya da acca da dawa da itacen girki a ka, mutanen Kwoi suka kawo citta, wadda har gobe ita ce ke sa manyan motoci kwana a yankin nan. Cire ɗaya daga ciki ka gani ko kasuwa za ta ci. A labarinmu na majalisa, duk waɗannan mutane suna fitowa ne a matsayin masu saye kawai, kamar ba da hatsinsu muka yi tuwo ba.

Akwai kuma abin da muke alfahari da shi ba tare da mun fahimce shi ba, wato harshe. Gaskiya ne da Hausa ake ciniki a titin nan, Ibo da Bajju ma in sun haɗu da ita suke taya kaya. Amma tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma da ita ake wa'azi da waƙa a coci-coci da yawa na ƙasar nan. Harshen ya zama na kowa. Wanda ya ari bakinka ya yi ciniki bai ce ya sallama maka gonar ubansa ba, kuma rashin bambance waɗannan biyun ya jawo mana baƙin jini ba kaɗan ba.

Sai "ana zaune lafiya". An zauna, amma ba don kowa waliyyi ne ba. Bashi ne ya riƙe zaman. Mai tireda yana ba ma'aikaci kaya sai ƙarshen wata, dillali yana ba manomi kuɗin taki sai kaka, mai nama yana ɗaga wa mai gidan abinci ƙafa sai yamma. Wanda kake bi bashi ba ka fatan gidansa ya ƙone. Kuma zaman ya taɓa tsinkewa tun kafin 1987: a 1966 Ibo sun kwashe sun bar shaguna da gidaje, wasu ba su kai gida ba, sai bayan yaƙi a 1970 waɗanda suka yi saura suka fara dawowa. Wannan babin ba mu cika buɗe shi ba. Da jirgi ya fara mutuwa daga shekarun 1980, albashin da ya haɗa mutane ya ƙafe, matasa suka rasa aiki, aka koma rigima kan rumfa da fili da kujera. Mai cewa "zuga su aka yi" ya manta cewa busasshiyar ciyawa ce ke kama wuta, kuma ta bushe a kowane ɓangare.

Me ya sa wannan ya dame mu yanzu? Saboda bayan gobarar 2011 ciniki ya rabu, wasu suka koma Kasuwar Yakowa, wasu suka tsaya a tsohon wuri, kowa ya fi sakewa cikin nasa. An sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan a watan Maris na 2016, al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar, amma shekarar ba ta ƙare ba sai da muka binne mutane a nan. Takarda ba ta yin aikin da littafin bashi yake yi. Yaron da aka haifa bayan 2011 bai ga titin a haɗe ba, abin da ya sani shi ne abin da muka gaya masa. In muka ce masa mu kaɗai muka gina, zai ɗauki maƙwabci a matsayin mai butulci. Can ma in aka ce wa nasu yaron mu baƙi ne da muka zo cin arziki, zai ɗauke mu a matsayin kaska. Waɗannan yara biyu su za su gaji rumfunan.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba a ce mu rage wa kakanninmu komai ba, sun yi wahala, sun yi gumi, kuma wanda kakansa ke kwance a maƙabartar garin nan ba baƙo ba ne. Abin da ake nema a ƙara sauran sunayen. Tsofaffin teloli da mahauta da 'yan fanshon reluwe suna nan da ransu, amma suna ta raguwa. Matasanmu masu waya a hannu su je su zauna da su, su tambaye su: wa ke rumfar dama da kai, wa ke ta hagu, wa ya fara ba ka kaya bashi, wa ya ɓoye ka ranar gudu? Su kuma tsallaka titi su yi wa tsofaffin can irin tambayoyin. Abin da aka samo a kawo shi shafin nan a buga, ko da wani ɓangarensa ba zai yi mana daɗi ba.