Ƙara wa Samurai Dawaki

Suzuki SJ413, wadda duniya ta fi sani da Samurai, ta fito daga Japan a 1984 da inji mai lita 1.3, silinda huɗu, bawul takwas, ƙarfinsa kuwa wajen doki 63 ne kacal. Motar gaba ɗayanta ba ta cika tan ɗaya ba. Wanda ya saba da Land Cruiser in ya gan ta sai ya yi murmushi, amma in ya sunkuya ya leƙa ƙasanta zai tarar da duk abin da manyan ke taƙama da shi: shasi mai zaman kansa da aka ɗora bodi a kai, aksil miƙaƙƙe gaba da baya, ga giyar agzilari mai raba ƙarfi ga tayoyi huɗu. Rashin nauyin nan shi ne jarinta. Tana ratsa yashi da taɓo a inda masu tan biyu da rabi ke nutsewa har ciki. Shi ya sa ta bazu: a Indiya kamfanin Maruti ya fara haɗa 'yar'uwarta mai suna Gypsy a 1985, sojoji da 'yan sanda suka rungume ta, a Sifen kamfanin Santana ya riƙa haɗa ta a garin Linares, a Amurka an sayar da ita daga 1985 har 1995.

Matsalar tana fitowa ne a kan kwalta. A ɗauki mutum huɗu da kaya, a fuskanci hawa mai tsawo ko iska mai ƙarfi, sai direba ya taka totur har ƙasa, injin na kururuwa, manyan motoci na wuce shi. Daga nan aka sami wani rukuni na kanikawa, a Amurka da Ostireliya da Indiya da Kudancin Amurka, waɗanda suka mai da ƙara wa wannan 'yar mota ƙarfi sana'arsu. Gwanayen cikinsu suna burge ni, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke jan ƙafa kafin su taɓa injin.

Yawancin masu kawo mota da kukan "ba ta ja" su suka jawo wa kansu. Tayar da ta zo da motar tsayinta inci 26 da ɗan kai ne. Mai mota ya ga tayar inci 31 mai manyan haƙora, ta yi masa kyau, ya saka. Taya mai tsawo tana cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya, saboda haka ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100, ga kuma ƙarin nauyin robar da za a juya. Injin lafiyarsa ƙalau. Gwani sai ya bar shi ya nufi akwatin agzilari. Na asali, a ƙaramar giya, yana rage juyi ne da 2.268 zuwa 1. In ka haɗa wannan da giya ta ɗaya da haƙoran aksil, inji zai juya kusan sau 31 kafin taya ta juya sau ɗaya. Ana sayar da wasu haƙoran na musamman, 4.16 ko 4.9 ko 6.5, kuma da na ƙarshen lissafin yana kaiwa kusan 88. Motar da a da sai an yi ta wasa da kuloci tana mutuwa a gindin dutse, yanzu sai ta hau shi a hankali, ƙafar direba ba ta ma kan totur. Waɗannan haƙoran suna ɗan rage babbar giyar ma, abin da ke mayar mata da kuzarinta a kan titi. Ba a ƙara ko doki ɗaya ba, amma mai mota zai rantse an sauya masa inji.

In an gama da wannan har yanzu ana son ƙari, to sai a waiwayi injin, kuma da awo ake farawa. A cire fulogi huɗun, a ɗaura ma'aunin matsi a ramin kowanne, a buga sitata, a rubuta abin da allura ta nuna. In silinda ɗaya ta yi ƙasa sosai da sauran, a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake gwadawa: lambar ta tashi, zoben fistin ne ya ci, ba ta tashi ba, a nemi laifin a bawul ko gaskit. Injin da ya gaji ba a ɗora masa kaya. Sau tari ma gyaran bawul, da daidaita lokacin wuta, da wanke kafireta, sukan dawo da dawakin da shekaru suka sace.

Abin da duk gwani ya riƙe a ransa shi ne ƙarfin inji daga iska yake zuwa. Maƙeri ya san ba tulin gawayi ke sa ƙarfe ya yi ja ba, zuga ce. Fetur na bukatar iska mai nauyinsa sau 14.7 kafin ya ƙone tas. Tura mai cikin inji abu ne mai sauƙi, ko yaro zai iya buɗe jet ya malala shi, sakamakon dai baƙin hayaƙi ne da fulogi mai kunkunniya. Wuyar aikin ita ce shigar da ƙarin iska da fitar da hayaƙin da wuri. Don haka ake fara buɗe hanyar fita. A cire tsohon manifol na zubi, a saka mai bututu huɗu masu tsawo ɗaya da ke haɗuwa can ƙasa, yadda hayaƙin da ya fita daga wannan silinda zai bar gurbin da ke janyo na mai bi masa. A nan ake gane mai sani da mai kwaikwayo. Mai kwaikwayo zai ɗaura salansa mai faɗin gaske don ta yi ƙara. A faffaɗan bututu kuwa hayaƙin ƙaramin inji tafiyar hawainiya yake yi, jan nan ya ɓace, motar ta rasa ƙarfinta a ƙananan juyi, wato daidai inda motar daji ke rayuwa. Gwani yana tsayawa a wajen inci biyu.

Sai ɓangaren shiga. Da yawa sukan cire kafiretar asali su saka Weber 32/36, mai maƙogwaro biyu, ƙarami na tafiyar yau da kullum, babba kuma ya buɗe in an taka sosai. A titi tana da daɗi. Amma kafireta tana ajiye mai ne a ɗan kwano mai fulot, kuma in mota ta ɗaga hanci sama ko ta karkata gefe, man ya kan tuntsure ya shaƙe injin, ya mutu a tsakiyar hawa, inda ba mai fatan haka. Wasu suna rage tsayin fulot su sa abin daidaita matsin mai, wasu kuma suna aro kafiretar babban babur, wadda ba ta cika damuwa da karkata ba. Duk wannan wahalar, haɗe da sabon kamshaf da ɗan goge ramukan tofsilinda, abin da take bayarwa 'yan dawaki ne. Inji mai lita 1.3 da bawul takwas yana da iyakarsa.

Shi ya sa aikin da ya fi karɓuwa shi ne dashen inji, kuma zaɓin da masana suka fi yarda da shi ɗan gida ne: injin lita 1.6 na Suzuki Vitara, wadda a Amurka aka sayar da sunan Sidekick ko Geo Tracker. Mai bawul takwas yana ba da doki 80, mai bawul goma sha shida kuwa wajen 95. Bulok ɗinsa na alminiyom ne kamar na Samurai, don haka gaban motar ba ya yin nauyi, sifirin ba ya kwantawa. Daga 63 zuwa 95 ƙarin rabi ke nan, a motar da nauyinta bai sauya ba.

A baki kamar cire wannan ne a saka wancan. A gareji kuwa, ramukan kusoshin sabon injin ba duka suke dacewa da giyabos ɗin Samurai ba, sai an sa faifan ƙarfe a tsakani, kuma dole tsakiyar karanshaf ta kalli tsakiyar sandar giyabos ba kuskuren ko rabin milimita, in ba haka ba boris zai yi ta cinyewa, kuloci na rawa, ba a san dalili ba. Injin ya fi na asali tsayi, ana lallaɓa shi don bonet ya rufu. Kaskon baƙin mai da ke ƙasansa an yi shi ne don Vitara, wadda aksil ɗinta na gaba ba ya tsalle. A Samurai kuwa duk aksil ɗin ne ke tashi in an faɗa rami. Za ka ga bakanike kwance a ƙasa, ya cire sifirin, ya sa jak ya tura aksil har ƙurewarsa, ya manna dunƙulen laka a kan ƙoƙon aksil, sannan ya sauke ya auna kaurin da lakar ta koma. Abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin tafiya lafiya da fasa kasko a daji. In bai isa ba, a yanke kaskon a sake walda.

Sai mai wayarin ya karɓa. Injin bawul goma sha shida da nozul yake aiki, yana da birenbos, yana son famfon mai mai matsi da bututun mayar da ragowar mai tanki. Damin wayoyin Vitara za a shimfiɗa a kan tebur, a warware tef ɗin, a bi kowace waya da zanen littafi, a zare na fitilu da na gilashi da na iyakwandishan, a bar na inji kaɗai. Waya ɗaya ta ƙasa da aka yanke bisa kuskure tana iya sa mutum yin mako yana neman dalilin da mota ke tashi da safe ta ƙi tashi da rana. Ladan wannan haƙurin shi ne injin da ba ruwansa da karkata, kuma yana gyara ma'aunin mansa da kansa in an hau tudu.

Akwai masu saka injin dizal na Volkswagen mai lita 1.9 saboda ƙarfin ja da tsimin mai. Santana ma ta taɓa fitar da Samurai mai dizal daga masana'anta. Akwai kuma masu cusa V6 ko V8. Waɗannan ba su cika ba ni sha'awa ba. Ƙarfin zai bi ta giyabos da furofela ya isa mahaɗar da ke cikin aksil na gaba, wadda aka auna da doki 63 da ƙaramar taya, ya farfasa ta. A sauya aksil da na Toyota, sai furofela ta murɗe. A sauya ta, sai shasi ya nemi ƙari. Garin neman ƙiba an samo rama: an wayi gari da mota mai nauyi da ta rasa abin da ya sa aka so ta tun farko.

Ko da matsakaicin dashe, aikin bai ƙare a inji ba. Ƙarin wuta ƙarin zafi ne, tofsilinda na alminiyom kuma ba ya yafe tafasa, lanƙwashewa yake yi ya ƙona gaskit, don haka lagireto mai kauri da fanka mai rumfa wajibi ne. Birki ma sai an ƙarfafa shi. Motar gajera ce, tsakanin tayar gaba da ta baya mita biyu ne da 'yan kai, ga ta siririya. A 1988 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ce tana saurin kifewa a kwana, cinikinta ya faɗi, Suzuki ta kai ƙara a 1996, ba a sasanta ba sai 2004. Ko wane ɓangare mutum ya bi a wannan rigimar, bakanike mai hankali ba ya ɗaga irin wannan mota sama ya ƙara mata gudu ba tare da ya faɗaɗa tsayuwarta ba.

Mataki na ƙarshe shi ne tura iska da ƙarfin tsiya, ko da tobo, wanda hayaƙi ke juyawa, ko da sufacaja, wadda bel ke ja daga karanshaf. Matsin rabin bar yana iya ƙara kusan rabin iskar da inji ke shaƙa. Sai dai iskar da aka matse zafi take yi, zafin kuma yana sa mai ya fashe kafin lokacinsa. Ƙarar ba ta da yawa, wani ɗan ƙas-ƙas ne siriri in an taka a hawa, amma tana iya huda fistin. Gwani yana sanyaya iskar kafin ta shiga, ya ɗan ja lokacin wuta baya, ya ƙara mai kaɗan, ya fita gwaji da kunne a buɗe, ya dawo ya ciro fulogi ya duba: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat alamar yunwar mai ce, a dakata.

Inda wannan ilimin ya nuna kansa sosai shi ne tsaunin Ojos del Salado, a iyakar Chile da Ajantina. Injin da ke shaƙar iska da kansa yana asarar wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, a saman mita 6,000 kuwa matsin iska bai kai rabin na bakin teku ba. A watan Maris na 2007 ayarin Bajamushe Matthias Jeschke ya kai Jeep Wrangler mita 6,646, har suka kafa allo mai cewa wurin ajiye Jeep ne kaɗai, tunda sauran ba sa isowa. Ranar 21 ga Afrilu na shekarar, 'yan Chile biyu, Gonzalo Bravo da Eduardo Canales, suka hau da Samurai ƙirar 1986 da aka dasa wa injin lita 1.6 da sufacaja, bayan yunƙuri biyu da suka ci tura, na farko saboda yanayi, na biyu gobara ta kama injin. Suka tarar iska ta kayar da allon, suka ɗauko shi, suka kai mita 6,688. Sai a Disamba 2019 Jeschke ya karɓe kambun da babbar Unimog ta Mercedes-Benz, da ratar mita 6.