Sharhi a Kan Daren Tunawa da George Harrison

Na san wasu 'yan'uwa ɗalibai za su ce me ya haɗa mujallarmu da kiɗan Turawa. To, a yi mini uzuri. Bara na yi wata uku a kwance, ina tashi kuma muka binne yayana. A cikin kayansa na tarar da ukulele, wato ɗan molon nan na mutanen Hawai mai tsirkiya huɗu, wanda asalinsa 'yan ci-rani daga tsibirin Madeira suka kai can a 1879. Da shi na riƙa rage dare, har ga shi yau ina da uku. Wannan ne ya kai ni ga kallon fim ɗin taron da aka yi a zauren Royal Albert da ke Landan ranar 29 ga Nuwamba, 2002, shekara guda cif bayan ciwon daji ya kashe Harrison na ƙungiyar Beatles.

Shi Harrison mayen ukulele ne. Yakan cika but ɗin mota da su yana rabo, har Tom Petty ya ba da labarin cewa ya taɓa bar masa guda huɗu a gida. Saboda haka sau biyu aka fito da ɗan molon a daren, kuma a nan sharhina ya tsaya.

Na farko Paul McCartney ne. Ya soma waƙar "Something" shi kaɗai da ukulele, murya na ɗan rawa, kai ka ce a ɗaki yake. A nan na ji makoki na gaske. Amma kafin a kai tsakiya sai ganguna da goge da jitar Eric Clapton suka rufto, suka haɗiye shi. An yi tafi ƙwarai, ban musa ba, kuma Clapton gwani ne. Ni dai a ganina an ɓata rawa da tsalle. Ku ƙaddara Ɗan Maraya Jos yana tsakiyar kuntigi a sako masa tambura goma, wai don a taimake shi.

Na biyu Joe Brown ne, wanda shi ma daji ya raba shi da matarsa a 1991. Shi ya rufe taro da wata tsohuwar waƙa ta 1924, "I'll See You in My Dreams". Masu rakiyarsa suka yi ƙasa-ƙasa, suka bar tsirkiya huɗun nan a gaba, furanni na zuba daga sama. Wani malaminmu ya ce mini wannan neman hawaye ne kawai. Furannin kam na yarda sun yi yawa. Kiɗan kuwa bai roƙi kowa kome ba, don sautin ukulele ba ya daɗewa, da ka kaɗa ya mutu, dole ka sake kaɗawa. Waƙar nan nake koyo yanzu, kuma har yau yatsuna na sarƙewa a baiti na biyu.